Yadda Dda Mukran Ya Sasanta da Biran Guraya

Abokina Mukran ya sauka a gidana, a Bijaya, da jaka ɗaya, da sabon takalmin hawan dutse wanda ko takardar kanti ba a cire masa ba, da kuma labarai masu yawa. Tun muna kwalejin horon malamai na san shi. Ya girme ni da 'yan watanni, don haka ya kafa mini dokar in riƙa ce masa Dda Mukran, kamar wani wan mahaifina. Koyarwa ba ta karɓe shi ba, ya koma aikin gidan waya a Satif, ya zauna yana buga hatimi har ya yi ritaya. Iyakar sanina, abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne matakalar ofishinsu.

Ya same mu cikin hidima. Surukata Nna Tasadit, mahaifiyar matata Dahbiya, a gidanmu take zaune. A sanyin bara guguwa ta rutsa da jirgin kamun kifin ɗanta Yuba, har aka fid da rai, sai ga shi ya dawo da ƙafarsa. Tsakanin ɓatansa da dawowarsa tsohuwar ta yi bakance: in ya dawo za ta yanka rago, ta murza kuskus da hannunta, a ɗauke shi a ƙafa daga ƙofar gida har hubbaren waliyiya Yemma Guraya a ƙolin dutse, a ciyar da masu ziyara. Ni malamin labarin ƙasa ne, ina da ra'ayi game da abin da ke dawo da jirage, kuma ra'ayin ya fi karkata ga juyawar iska. Amma a gidan nake cin abinci, don haka na ninke ra'ayin na ajiye.

Abin da ba wasa a ciki shi ne hannunta. Sanyin ƙashi ya tanƙwara mata yatsu, mako guda ta yi tana murzar garin nan tana cije leɓe, ta kuma faɗa da bakinta cewa wannan ne na ƙarshe. Yuba kuwa ya koma teku, domin kifi bai san bakance ba. Muddin yana kan ruwa alkawarin yana wuyanta, tsohuwar ba ta da kwanciyar rai.

Da muka zauna cin abinci aka zuba wa baƙo ɗanɗano. Mukran ya lashe cokali ya lumshe ido.

"Nna, wannan ba kuskus ba ne, addu'a ce aka turara. Wa zai kai shi sama?"

"Ɗana, Lunis da Akli ne," in ji Nna Tasadit.

Lunis ni ne. Akli maƙwabcinmu ne, mai shagon aski a ƙasan benenmu, wanda harshensa ya fi askarsa kaifi. Yana zaune a wurin, don hancinsa bai taɓa kuskure lokacin cin abincin gidanmu ba.

"Ta wace hanya?" in ji Mukran.

Na ce, "Ta hanyar kowa. Mu bi titin mota har fili, daga nan mu kama hanyar ƙafa."

Ya ajiye cokalin kamar wanda aka yi wa saƙon rasuwa.

"Titin mota! Abincin bakance ya bi bayan hayaƙin masu yawon buɗe ido? Kafin ku isa ya huce kamar gaisuwar maƙiyi. Ni na yi aikin soja a tsaunukan Jurjura, dutse gidana ne. Akwai yanke ta Tsaunin Birai. Mu bi gadon dutsen, mu riga mata isa, kuskus yana tururi."

Aikin sojan gaskiya ne. A sito ya yi shi, yana tsaron barguna.

"Dda Mukran," na ce, "Tsaunin Birai yana gabas da hubbare, da nisa ma. Yanken da zai fara da juya wa wurin baya ban taɓa jin irinsa ba."

"Kai a takarda ka san dutse, Shikh. Ni a ƙafa na san shi." A wajenmu kowane malamin makaranta Shikh ne.

"To sunan wurin fa?" in ji Akli. "Bai ɗan taɓa maka kunne ba? Ba Tsaunin Tattabaru aka ce ba."

Mukran ya yi murmushin mai tausayin jahilai. Ya gyara zama ya buɗe mana ilimi.

"Abin da ku mutanen birni ba ku sani ba ke nan. Biri ai mutum ne. Kowace tsohuwa ta san labarin: 'yan biki ne da suka wulaƙanta abinci, Allah ya sauya musu halitta. Ko ba haka ba, Nna?"

"Haka kakata ta faɗa," in ji Nna Tasadit.

"Ka ji. To wanda ya taɓa zama mutumin tsaunukanmu ya san taron dattawa. Ba a ratsa ƙauye sai an tsaya gaban majalisa, an gaida babba, an ba shi rabonsa a idon jama'a. Da ka yi haka shi da kansa zai tsawata wa yara. Ku abin da kuke yi, jifa da ihu. Shi ya sa suke ƙwace muku jakunkuna. Rashin tarbiyya ne daga ɓangarenku."

"Daga ɓangarenmu," in ji Akli. "Allah ya shirye mu."

Na dubi Dahbiya don neman agaji, ta tsura wa farantinta ido. Nna Tasadit ce ta yanke hukunci.

"Baƙo da albarkarsa yake zuwa. Allah ne ya jeho shi daidai wannan mako. Shi zai shige gaba."

A wajenmu ba a ƙaryata baƙo a kan abinci, ba a kuma ɗaukaka ƙara kan maganar Nna. Taro ya tashi.

Ranar Asabar da sassafe aka juye kuskus a ƙaton akushin gidansu Dahbiya, wanda za a iya yi wa tagwaye wanka a ciki. Aka jera naman rago a kai, da dafaffen ƙwai, da zabibi, aka lulluɓe da farin ƙyalle. Romon kuma aka zuba a garwa mai murfi. Tun kakanni mutum biyu ne ke kama kunnuwan akushin su tafi. Mukran ya ce wannan aikin ƙauyanci ne. Ya sa aka ɗauko tsanin da Akli ke hawa yana goge allon shagonsa, aka ɗaure akushin a tsakiya, wai haka ake ɗaukar masu rauni a soja. Shi kuma ya fito cikin farar alkyabba a kan takalmin hawan dutse, domin, a cewarsa, ba a shiga majalisar dattawa da rigar shan iska.

Ya kama gaba, na kama baya, Akli ya rungumi garwa. Su Nna suka shiga tasi, za su jira mu a sama.

Maza biyu da dogon katako a kafaɗa, da wani abu lulluɓe da farin ƙyalle a kai, na gaban cikin alkyabba yana tafiya da nutsuwa: mutanen unguwarmu ba su ɓata lokaci wajen fassara ba. Mai gidan burodi ya sauke ƙofar shagonsa rabi. Tsofaffin da ke shan kofi suka miƙe tsaye. Wata mata ta leƙo daga baranda ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Akli, wa ya rasu?"

"Tukuna dai, Nna Warda. Ki tambaye ni da azahar."

Wani dattijo kurma ya bi mu yana salati har ƙarshen layi, sai da ƙanshin nama ya kai masa gyara. Ya tsaya, ya dube mu, ya tofar da yawu ya koma.

"Ka gani?" in ji Mukran. "Tun daga nan an fara girmama tafiyar."

Inda titi ya ƙare muka shiga hanyar awaki. Ƙaya ta ko'ina, duwatsu na zamewa, teku can ƙasa tana jiran wanda zai yi kuskure. Sabon takalmin ya fara gabatar da kansa ga mai shi. Mukran ya koma tafiya irin ta wanda ke taka garwashi, amma bakinsa lafiya lau. Ya nuna mana ciyawar da wai ya rayu a kanta wata guda. Ya tsaya kan wani sawu ya ce damisa ce, ta wuce da asuba, tana da ciki.

"Dda Mukran," in ji Akli, "damisar nan tana sanye da takalmin roba."

"Dabararsu ce. Sukan taka sawun mutum."

Da sarƙaƙiya ta yi yawa sai ya ba da umarni a rataye garwar romo a ƙarshen tsani, don Akli ya sami hannun buɗe hanya. Garwa ta shiga lilo, murfi ya shiga zufa. Muka riƙa barin layin romo a bayanmu kamar masu aika goron gayyata. Wasu kuliyoyi suka amsa tun daga gefen gari, suka gaji suka koma. Waɗanda suka amsa daga baya ba masu gajiya ba ne.

Muna shan wata kwana sai ga uwar aladun daji a tsakiyar hanya, baƙa, mai faɗin akwatin amarya, da 'ya'yanta masu zane-zane a bayanta. Ta ɗaga hanci tana karanta iska.

"Kada wanda ya motsa!" in ji Mukran. "Alade ba ya ganin abin da ke tsaye!"

Daga kan reshen wani zaitun daji ya faɗi haka. Yadda aka yi gaban tsanin ya koma hannun Akli, har yau ba mu gane ba. Abin da muka gani shi ne tsanin ya karkata, garwa ta zame, ta gangara, ta daki dutse, ta buɗe baki. Uwar ta dube mu, ta dubi romo, ta yi zaɓin da kowane mai hankali zai yi. Iyalin duka suka bi garwa.

Muka tsaya muna jin ƙarar lasa daga cikin kwari.

"Romon ragon bakance," in ji Akli a hankali, "a cikin aladu. Dda Mukran, ladan wannan wa za a ba?"

Mukran ya sauko yana kakkaɓe alkyabba.

"Dabarar yaƙi ce. Ka ba da kaɗan ka ceci mai yawa. Kuma ai kuskus na asali da man zaitun ake cin sa. Romo bidi'ar mutanen birni ce."

"Ka kawo man?"

"Akli, kai mai aski ne ko alƙali? Kama hanya."

Hantsi ya ɗaga sosai kafin mu kai Tsaunin Birai. Wurin yana da kyau, ban musa ba: teku shuɗiya har ƙarshen ido, hasumiyar fitilar jirage can ƙasa kamar farin alli, fararen tsuntsayen ruwa suna shawagi. Akwai allo da aka rubuta cewa an hana ba birai abinci. Mukran ya rataye gorar ruwansa a kai.

Masu wurin kuma suna nan. A kan duwatsu, a kan itatuwa, iyaye da jarirai a maƙale, ba mai wutsiya ko ɗaya, ba mai kunya ko ɗaya. Duka suka daina abin da suke yi. Ba mu suke kallo ba.

"Mu wuce da sauri," na ce.

"Mu wuce majalisa ba sallama? Ajiye."

Muka gitta tsanin a kan duwatsu biyu. Mukran ya ƙare wa jama'ar kallo, har idonsa ya sauka kan wani tsohon biri da ke zaune shi kaɗai can gefe, gashinsa ya yi fari-fari, yana kallon teku.

"Ga babban nan. Dubi furfura. Dubi nutsuwa. Ba ya cuɗanya da yara."

"Ko yaran ne ba sa cuɗanya da shi," in ji Akli.

"Ku zo ku tsaya bayana, ku biyu. Ku harɗe hannu. Ba a zuwa gaban dattawa mutum ɗaya kamar maroƙi, sai da wakilai."

"Akushin fa?" na ce.

"Yana cikin amanar majalisa. Wa zai taɓa kayan baƙo ana tsakiyar magana?"

Zan so in ce na yi gardama. Amma na sha hawa, kafaɗata ta mutu, kuma wani ɓangare na zuciyata, wanda ba na alfahari da shi a gaban ɗalibai, yana son ya ga ƙarshen lamarin. Muka tsaya bayansa kamar masu neman aure.

Mukran ya gyara alkyabba, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, dattawan wannan dutse. Allah ya ƙara wa majalisa albarka. Mu baƙi ne, 'ya'yan mutunci, ba da sharri muka zo ba. Hanya muke roƙo. Ga rabonku, kamar yadda iyaye suka saba."

Ya ciro busasshen ɓaure daga aljihu ya shiga kasa shi a kan dutse, kashi-kashi daidai wa daida, yadda ake kasa naman sa a ƙauye don kada wani gida ya ce an ƙware shi. Har yana ɗauke ɗaya daga nan ya mayar can. Tsohon birin ya miƙa hannu ya ɗauki ɓaure guda ya sa a baki. Ya mamula. Ya sake mamula. Ya ciro shi ya duba, ya mayar. Ko haƙori ɗaya babu a bakin.

"Ya karɓa!" in ji Mukran. "An ƙulla!"

"Dda Mukran," in ji Akli, wanda ya waiwaya, "ina jin wannan tsohon hakimi ne. Mai ci yanzu yana kan tsanina."

Muka juya. Farin ƙyallen yana saman wani itace. A kan tsani wani ƙaton biri ne zaune, mai kafaɗun ɗan dako, ƙwai a hannun dama, ƙwai a hagu, ƙwai a baki. Kewaye da akushi talakawansa ne, hannu dumu-dumu. Naman bai burge su ba. Sukan ɗauka, su sunsuna, su wurga ta bayan kafaɗa, tsuntsayen ruwa kuma suna cafewa tun bai kai ƙasa ba. Ban taɓa ganin rabon sadaka mai tsari irin wannan ba.

A nan dai Mukran ya yi abin da ya yi kama da jarumtaka. Ya tuɓe alkyabba, ya kurma ihu, ya ruga yana kaɗa ta. Biran suka watse, ƙaton ya ja da baya taku kaɗan don ya haɗiye. Mukran ya jefa alkyabbar a kan akushi, ya naɗe da igiya, ya ƙulle tamau.

"Na ceci fiye da rabi! Ku ɗauka! Gudu!"

Muka ɗauka. A bayanmu wata kururuwa ta tashi wadda ban taɓa jin birai sun yi ba, ni da aka haifa a gindin dutsen nan. Ba kukan masu son ƙari ba ne. Duk garken ya biyo mu. Ta dama, ta hagu, ta saman itatuwa, suna kaɗa haƙora. Ƙaton ya zo daidai ƙafata yana tafiya kafaɗa da gwiwa, idonsa a kan alkyabba. Wata uwa tana ihu kamar za ta tsage.

"Me suke so kuma?" na ce, ina haki.

"Rakiya ce!" in ji Mukran daga gaba. "Haka ake yi wa baƙo mai daraja, a kai shi har iyakar ƙauye. Ban gaya muku ba?"

"Rakiyar tana jan wandona!"

"Alamar sabo ce. Kada ka nuna tsoro."

Ni ke baya, don haka akushin yana gaban hancina. A wani hawa na ga alkyabbar ta kumbura ta gefe ɗaya, ta lafa, ta kumbura ta ɗaya gefen.

"Dda Mukran, kuskus yana motsi."

"Tururi ne. Na ce muku da zafinsa zai isa."

Alkyabbar ta yi atishawa.

"Yarhamukallah," in ji Akli. "Shikh, kai da ka yi karatu, tururi yana mura?"

"Mu tsaya mu duba," na ce.

"Mu tsaya su cinye mu? Ba mai buɗe abincin bakance sai mai bakance!"

Batun tsayawar yana da gaskiya, karo na farko a ranar. Haka muka bi gadon dutsen da gudu-gudu sauri-sauri. Takalmi ɗaya ya maƙale tsakanin duwatsu, Mukran ya bar masa wurin, ya ci gaba da safa. Akli yana baya yana kaɗa reshe yana yi wa biran magana da sunayen abokan cinikinsa.

Can sama kuwa jama'a ta cika, kamar kowace Asabar. Iyalai da tabarmi, tsofaffin mata da kyandir da lalle, 'yan mata masu roƙon abin da ba a faɗa, ɗalibai, da wata mota guda ta masu ziyara daga Aljaza'ir babban birni. Dahbiya ta riga ta raba cokula. Nna Tasadit ta gaya wa kowa cewa abinci na tafe a hannun wani baƙo, babban soja. Rana ta take, mutane sun zauna da cokali a hannu suna kallon hanya.

Mu kuma ba ta hanya muka fito ba. Ta bayan tsohuwar ganuwa muka ɓullo, ta inda ake zubar da shara. Wata ta hango mu ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Guɗar tana tsakiya biran suka fara jeruwa a kan ganuwar, ɗaya bayan ɗaya, har suka cika ta. Guɗa ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu a maƙogwaron wata tsohuwa.

Muka sauke tsani a gaban Nna. Ni na zauna a ƙasa. Mukran bai zauna ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya, rigarsa a yage, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kada ku firgita! Waɗannan tare muke. Mun zauna da dattawansu, mun yi magana ta fahimta, sun ba mu hanya, har sun rako mu. Abin da hukuma ta kasa shekara da shekaru, yau an gama shi da ɓaure da ladabi. An ɗan taɓa saman abincin, al'ada ce, ba a shiga ƙauye hannu rabbana. Nna, bismillah. Buɗe amanarki."

"Ina romon?" in ji Dahbiya.

"Ya riga mu karɓuwa," in ji Akli.

Nna Tasadit ta durƙusa. Da yatsun nan nata ta daɗe tana fama da ƙullin, ba ta yarda an taya ta ba. Jama'a suka matso da cokula. Ta yaye alkyabbar.

Jaririn biri ne zaune a tsakiyar akushi, ya nutse har ƙugu, cikinsa kamar ƙwarya, zabibi ɗaya a maƙale a goshinsa. Ya ci iya cinsa, ya yi birgima a sauran, ya kuma yi a wurin abin da jarirai kan yi bayan sun ƙoshi. Ya ƙifta ido, ya dubi taron, ya yi gyatsa.

Ƙaton birin ya sauko daga ganuwa ya ratsa tsakiyar mutane, suna buɗa masa hanya kamar liman ya makara. Ya ɗauki jaririn, ya jujjuya shi, ya sunsuna, ya ɗora a bayansa. Sannan ya tsaya gaban Mukran ya dube shi daga safa har kai. Ya ja alkyabbar ya tafi da ita. Sauran garken suka ɗauki wannan a matsayin izini, suka afka wa akushi.

Wani ɗalibi ne ya fara ƙyaƙyatawa. Daga nan dariya ta kama dutsen gaba ɗaya. Mata suna riƙe juna, wani mai ƙiba daga babban birni ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa da cokali, wayoyi sun tashi sama kamar ana biki.

"Babban soja! Ka sace musu ɗa ka ce rakiya!"

"A kira dattawa su dawo da alkyabba!"

"Malam, nawa ne sadakin?"

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Nna Tasadit tana durƙushe tana kallon biran suna wawure aikin mako guda. Sannan ta dubi hannuwanta, sannan ta dubi teku, inda Yuba yake. Dariyar ta fara ja da baya daga inda take.

Wata tsohuwa ta dafa ta. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Ai biran ma na Yemma ne. Wataƙila ta karɓa."

"Mutane na ce zan ciyar," in ji Nna. "Ban ce waɗanda suka taɓa zama mutane ba. Alkawarin yana nan."

Mukran ya matso. "Nna, wallahi tsarin ba shi da laifi, wakilan ne suka waiwaya. Kuma ni gobe da sassafe motar Satif..."

"Miƙo hannunka, ɗana."

Ya miƙa. Ta juya tafin, ta shafa, ta latsa.

"Nawa ya ƙare. Naka kuwa sabo ne fil, ba a taɓa amfani da shi ba. Na ce da hannuna, to zan ɗora nawa a kan naka. Motar Satif ba ta ƙarewa."

Haka baƙona ya ƙara mako guda a Bijaya, bai ga bakin ruwa ba, bai ga kasuwa ba. A tsakar gida ya yi shi, zaune a ƙasa, ƙafafu a ware, akushin da aka wanke da toka da ruwan zafi a tsakaninsu, zanen Dahbiya ɗaure a ƙugunsa. Nna tana gefe, hannunta a wuyan hannunsa, muciya a kusa don gyaran kuskure. Matan unguwa suka mayar da barandarsu gidan kallo. Akli ya riƙa turo abokan ciniki da kumfa a fuska su leƙa su koma. Rago na biyu Mukran ne ya kawo shi, ba tare da jawabi ba.

Asabar ta gaba muka hau ta titin mota, muna riƙe da kunnuwan akushi kamar kakanni, romo a hannun Dahbiya, Nna a bayanmu da sanda. Muka isa lafiya. Aka zuba, aka yi bismillah, Nna Tasadit ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta jingina da bangon hubbare ta yi barci a zaune, da rana tsaka, cikin hayaniya.

Kuskus ɗin dai kuskus ne a bisa niyya. Wata ƙwayar kamar yashi, wata kamar gyaɗa, wata kuma in ka jefi kare da ita sai an kai ku gaban hukuma. Mutane suka ci, don ba a mayar da sadaka. Wani dattijo ya daɗe yana tauna loma ɗaya. Da ya samu ta wuce, ya share hawaye, ya dubi jama'a.

"Don Allah, wane ne ya murza wannan?"

Tun muna samari nake tare da Mukran. Ya ci yaƙoƙin da ba a yi ba, ya ceci mutanen da ba a haifa ba. Ranar ce kaɗai na ga an tambayi wanda ya yi wani aiki, aikin da kuwa shi ya yi shi da hannunsa, ya juya yana kallon teku.

Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya nuna ni da cokali.